Shirwa, Gilaida Da Makanikan Dilimi

In aka ambaci jirgin sama a ƙasar nan, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne ƙaton nan mai kwasar alhazai ɗari huɗu a tashi guda. Amma akwai waɗansu bayin Allah waɗanda ko kai ba su ɗagawa in irinsa ya wuce. Su abin da ke tsai da su har su manta da saƙon da aka aike su, shi ne ɗan jirgi mai farfela ɗaya da kujera biyu ko huɗu, ko kuwa wanda ba shi da inji sam, wato gilaida. Ni ma ina cikinsu, kuma na ga ya kamata in bayyana wa mai karatu dalili, kada ya ɗauka sha'awar 'ya'yan masu kuɗi ce kurum.

Unguwarmu ta Dilimi a cikin Jos ita ta koya mini duban inji. Kowa ya san ta da shagunan kayan gyaran mota da garejin makanikai. Har gobe tsofaffin cikinsu suna yabon Fijo 504, domin in ka buɗe bonet ba abin da ya ɓoye maka: ga kafireta, ga fulogi, ga wayar totur, kana iya bin kowanne da yatsa har ka ga inda ya ƙare. Motar zamani kuwa an lulluɓe kome da roba, sai kwamfuta ta gaya maka ciwonta. To, tsakanin ƙaramin jirgi da babba ma haka abin yake. Babba kana shigarsa ne kamar ɗakin taro. Ƙarami kuwa mutum ɗaya yana iya saninsa daga hanci har wutsiya.

Ɗauki Cessna 172, wanda aka fara sayarwa cikin 1956, aka kuma ƙera fiye da 44,000, har babu jirgin da ya kai shi yawa a tarihi. In direba ya ja sitiyari, igiyar ƙarfe ce ke bi ta cikin jikin jirgin ta ɗaga wani sashe na wutsiya. Injin na yanzu silinda huɗu gare shi, iska ke sanyaya shi kamar na tsohuwar Volkswagen Bitil, kuma kowace silinda fulogi biyu aka sa mata, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Ba a ɗora masa kome don ado, saboda duk kilo ɗaya na banza sai an biya shi da mai ko da tsawon gudu kafin tashi. A nan Jos, inda muke bisa tudu mai tsawon mita 1,200 da 'yan kai, iska ba ta da kauri kamar ta Ikko, don haka direban ƙaramin jirgi ba shi tashi da tsakar rana sai ya lasafta nauyin mutanensa da mansa da zafin garin.

Wata rana aiki ya kai ni Zariya, na tsaya ina kallon wani ɗalibi yana zagaya jirgin koyo kafin tashi. Ya tsiyayi mai a 'yar kwalba ya ɗaga ta ga hasken rana ko zai ga ruwa, ya shafa bakin farfela da tafin hannu, ya motsa gefen fiffike sama da ƙasa. Malaminsa ya ga na ƙura ido, sai ya ce mini, "Malam, wannan doki ne, sai ka san halinsa kafin ka hau." Irin wannan sanayya ita ce rabin kyan da masu sha'awar nan ke gani.

Sauran rabin yana wajen gilaida. Shi wani jirgi ke jansa da igiya, ko kuwa injin naɗe igiya ya fizge shi daga ƙasa, da ya yi sama sai ya saki, daga nan kuma sai dabara. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai da hantsi cikin rani ya ga shirwa tana kewaya bisa kasuwa ba ta kaɗa fiffike, ya riga ya ga asirin. Rana ce ke gasa duwatsu da rufin kwano, iskar da ke kansu ta yi zafi ta tashi kamar ginshiƙi, shirwa ta shiga ciki ta yi ta juyi tana hawa. Haka direban gilaida ke yi. In ya kai ƙololuwa sai ya miƙe ya nufi wani ginshiƙin, sau da yawa farin girgije ne ke nuna masa inda yake. Gilaida ta zamani, da dogayen fukafukanta sirara masu mita 15 ko 18, in ta sauko mita ɗaya ta yi gaba mita 40 ko fiye. Kuma cikin kayan aikinta mafi amfani har da ɗan zaren ulu da ake mannawa a gilashin gaba, wanda ke nuna ko jirgin yana yankan iska daidai ko a karkace.

Kada a raina wannan. Bajamushen nan Otto Lilienthal ya yi shawagi kusan sau 2,000 da irin waɗannan fukafukai kafin faɗuwar da ta yi ajalinsa cikin 1896, kuma 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright a Amurka sai da suka ƙware da gilaida kafin su ɗora inji cikin 1903. Cikin 2003 wani Bajamushe, Klaus Ohlmann, ya yi tafiyar kilomita 3,008 a yini ɗaya bisa duwatsun Ajantina ba da ɗigon mai ba. Ko a nan Afirka ta Yamma, Kwame Nkrumah ya buɗe makarantar koyon gilaida a Afienya ta ƙasar Gana a farkon shekarun 1960, don ya fahimci ta nan ake cusa wa matasa son sama da araha.

Mu ma ba baƙin ƙananan jirage ba ne. Jiragen da suka fara sauka Kano cikin Nuwamban 1925 guda uku ne masu fiffike biyu-biyu, daga Masar suka taso. A shekarun 1950 da 1960 ƙananan jiragen mishan na SIM daga Jos suke tashi da likitoci da marasa lafiya zuwa wuraren da mota ke shan wuya. An kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya cikin 1964. A Kaduna kuma an harhaɗa jiragen Air Beetle wajen 60 don horad da mayaƙan sama, bisa tsarin wani ɗan jirgi da Amurkawa ke haɗawa da hannu a garejin gidajensu. Amma da lokacin sauya su ya yi, daga Pakistan aka sayo magadansu tun daga 2016.

Abin da ke damuna ke nan. Filin jirgin Jos yana can Heipang, nesa da gari, bayan shinge. Yaron da ke lanƙwasa waya da gwangwani a bakin kogin Dilimi yana ƙera jirgin wasa, ko ɗan koyon da ke kwance injin mota ya mayar kafin la'asar, zai iya girma bai taɓa aza hannu a kan fiffike ba. Wanda kuwa bai taɓa abu ba, da wuya ya yi mafarkin ƙera shi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Filato da makarantun koyon sana'a da attajiranmu, su dubi yiwuwar kafa ƙungiyar masu sha'awar ƙananan jirage, ko da da gilaida ɗaya ce da injin jan igiya, a riƙa kai ɗalibai da 'yan koyon kanikanci su gani, su taɓa, su tambaya. Tudu muna da shi, rana muna da ita, hannuwa masu basira kuwa sun cika Dilimi. Allah Ya sa masu iko su ji.