Ina Hujja?

Kowane gida yana da lokacin da yake tara mutanensa wuri ɗaya. A wasu gidaje lokacin cin abinci ne, a wasu kuma hirar dare ce a tsakar gida. A namu gidan, lokacin shi ne bayan sallar isha'i, sa'ad da ake kunna talabijin. Mu takwas ne a gidan: Baba, Inna, Kaka da mu yara biyar.

Da rana ba ma cika ganin juna ba. Tun da asuba Inna take hura wuta ta dama koko. Ni da ƙanena mu ɗebo ruwa, Yaya kuma ta share tsakar gida. Kafin ƙarfe takwas Baba ya tafi kasuwa, mu kuma mun kama hanyar makaranta. Da yamma akwai Islamiyya. Sai an ci tuwon dare an wanke kwanuka sannan ake shimfiɗa tabarma a falo. Baba ya kafa doka guda: ba a taɓa talabijin sai kowa ya gama aikin da aka ba shi a makaranta. Idan aka ɗauke wuta, Kaka ce take maye gurbin talabijin da tatsuniya.

Wajen kallo, gidanmu ya kasu gida biyu. Inna da Kaka da Yaya sun fi son wasan kwaikwayo mai dogon zango, musamman na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a shekarar 2014. Babban abin sonsu shi ne Daɗin Kowa. Sunan wani gari ne da aka ƙirƙira, inda mutane masu harsuna da addinai dabam-dabam suke zaune tare. A cikinsa ana ganin rigimar miji da mata, da wahalar neman abinci, da matsalar shaye-shaye a tsakanin matasa. Kaka takan yi wa 'yan wasan faɗa kamar suna jin ta. Akwai kuma Kwana Casa'in, wanda aka fara nunawa a 2019. Shi labarin siyasa ne da cin hanci a wani wuri da aka kira Alfawa, kuma yana nuna irin haɗarin da ɗan jarida yake shiga idan ya nace sai ya faɗi gaskiya.

Ni da Baba da Auta kuwa, shirin binciken laifi ne namu. Baba yana da tsofaffin faya-fayai na wani shirin Amurka mai suna Columbo, wanda Peter Falk ya fito a ciki. Columbo ɗan sandan ciki ne a birnin Los Angeles. Kullum yana sanye da yamutsattsiyar rigar ruwa, yana tuƙa tsohuwar mota, ba ya kuma son riƙe bindiga. Abin sha'awa shi ne, tun daga farko ake nuna wa mai kallo wanda ya yi kisan. Saboda haka ba mai laifin muke nema ba, hanyar da za a kama shi muke jira. Columbo yakan yi kamar bai san komai ba. Sai ya yi sallama ya kai bakin ƙofa, sannan ya juyo da wata 'yar tambaya guda. Sau da yawa wannan tambayar ce take tona asiri.

Auta ta fi son CID, shirin ƙasar Indiya da aka fara a 1998, wanda ya shekara 20 ana nuna shi a jere. A nan ƙungiya ce take aiki. Wasu suna yi wa shaidu tambayoyi, wani likita kuma yana ɗakin gwaje-gwaje yana duba jini da zanen yatsu. Daga waɗannan shirye-shirye biyu wata al'ada ta shigo gidanmu. Duk wanda ya ce, "Wane ne ya aikata," sai Baba ya tambaye shi, "Ina hujja?" Da farko wasa ne na lokacin kallo kawai. Daga baya maganar ta bi mu har tsakar gida.

Amfanin wannan tambaya ya bayyana ranar da kuɗin adashen Inna suka ɓace. Naira 20,000 ne, kuma washegari za ta kai wa uwar adashe. Aka duba ƙarƙashin katifa, aka duba cikin kwalla, ba a gani ba. Akwai wani almajiri da yake yi mana shara da aike, ana ba shi abinci safe da dare. A ranar shi kaɗai ne baƙon da ya shiga gidan. Wata maƙwabciya da ta ji labari ta ce ai ba sai an wahala ba, a kira shi a tsare shi. Yaron ya tsaya a zaure yana rantsuwa, idanunsa cike da hawaye. Da an kore shi a daren nan, ba abincinsa kaɗai zai rasa ba. Sunan ɓarawo zai bi shi duk gidajen unguwa, har wurin malaminsa.

Baba ya ce ba wanda zai taɓa yaron. Ya dubi maƙwabciyar ya ce, "Hajiya, shiga gida ba sata ba ce. Ina hujja?" Sai Auta ta matso kusa da Inna ta ce, "Inna, yaushe kika ga kuɗin nan gani na ƙarshe?" Inna ta ce da hantsi, lokacin da mai kawo gawayi ya yi sallama. Auta ta ce, "To, a lokacin wane zane kika ɗaura?" Inna ta yi shiru. Can sai ta miƙe ta nufi kwandon wanki. Kuɗin suna nan ƙulle a haɓar zanen da ta sauya kafin azahar. Inna da kanta ta je zaure ta ba yaron haƙuri, ta ce kowa a gidan ya shaida cewa ba shi da laifi.

Kaka ta ce wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun kafin a ƙera talabijin Hausawa suke cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Maganarta daidai ce. Amma sanin karin magana daban, aiki da ita a lokacin da rai ya ɓaci daban. Abin da shirin bincike ya yi mana shi ne ya saba mana da jira. Mun sha ganin cewa wanda aka fara zargi ba lallai ne shi ya yi laifin ba. Wasan kwaikwayo kuma ya nuna mana ɗaya ɓangaren, wato halin da mutum yake shiga idan aka ɓata masa suna.

Duk da haka, rayuwa ba talabijin ba ce. A talabijin ana gano gaskiya kafin shiri ya ƙare. A gida kuwa wani abin yakan ɓace har abada, ba a san wanda ya ɗauka ba. A irin wannan hali haƙuri ne ya rage, domin asarar kuɗi ta fi asarar mutuncin wani sauƙi.

Yanzu Yaya da ƙanena suna da wayar hannu, kuma kowa yana iya kallon abin da yake so shi kaɗai. Baba bai hana ba, amma ya ce sa'a ɗaya bayan isha'i ta kowa da kowa ce. Dalilinsa shi ne, mai kallo shi kaɗai ba shi da wanda zai ce masa, "Ina hujja?"