Bagega: Garin da awo ya ceci 'ya'yansa

Wanda ya tashi daga Gusau zai nufi Bagega, hanyar Sakkwato zai kama, ya wuce Bunguɗu da Maru, a Mayanci ya karkata zuwa Anka. Daga nan sauran tafiyar ta daji ce. Ba hanyar da ɗalibi zai kama shi kaɗai ba ce a wannan zamani na rashin tsaro. Mu ma sai da 'yan gari suka yi mana jagora. Abin da ya kai mu shi ne mu ga wurin da darasin kemistiri ya zama batun rai da mutuwa.

Tun daga bakin gari za ka gane sana'ar mutanen. Ga buhunan duwatsu a kan babura, ga rurin injin niƙa, ga samari sun yi futu-futu da ƙura. Noma suka gada, amma da farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya bayan 2008, sai jama'a suka koma haƙa. A wancan lokaci har cikin gida ake kai dutsen. A farfasa shi, a daka a turmi ko a kai injin, a wanke garin, a kama zinaren da zaiba. Duk wannan a tsakar gida, inda ake shanya hatsi, inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki.

Abin da ba wanda ya sani shi ne dutsen na ɗauke da dalma mai yawan gaske. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a nan ido bai san komai ba. Ƙurar dalma ba ta da wari, launinta bai bambanta da na sauran ƙasa ba.

A farkon 2010 yara ƙanana suka fara mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Amai, ciwon ciki, jijjiga, sai rasuwa. Kafin nan agwagi sun riga sun ƙare a wasu ƙauyukan, ba wanda ya kawo komai a ransa. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da suka iske sababbin kaburburan yara sun fara zaton zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau ne, amma magani ya ƙi ci. Sai da aka ɗebi jinin yara aka aika wani ɗakin gwaje-gwaje a Jamus, sannan amsa ta zo: gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 ne suka rasu.

A nan ne reshen kemistiri mai tantance sinadarai ya shigo. Tambayoyi biyu kawai yake amsawa: mene ne a cikin wannan abu, kuma nawa ne? Dalmar da ke cikin jini da mikirogiram ake auna ta, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin kowane kashi ɗaya bisa goma na litar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in awo ya kai 5 a nemo inda gubar take fitowa. In ya kai 45, yaro na bukatar maganin da ke kamo dalma ya fitar da ita ta fitsari. Wasu yaran Zamfara an same su da sama da 100, wasu ma ɗaruruwa.

Wani abu da ya kamata 'yan ajin kimiyya su riƙe: ƙaramar na'urar da ake gwada jini da ita a ƙauye iyakarta 65. Abin da ya haura haka, sai dai ta nuna ya yi yawa. Amma likita na bukatar sanin wane yaro ne ke bakin mutuwa. Sai masu gwajin suka koma sirka jinin da ma'auni sananne, su auna, sannan su ninka sakamakon. Lissafin sirki ke nan da ake koya muku a babbar sakandare, wanda wasu ke hamma in malam ya fara shi. Kuskuren ɗigo ɗaya a nan na iya sa a mayar da yaro gida alhali gadon asibiti ya kamace shi.

Magani kaɗai ba ya isa, domin yaron da aka yi wa magani ya koma gida mai guba zai sake kwasa. Dole a share garin tukuna. An zagaya da mu gidajen da aka yi wa wannan aiki, aka nuna mana yadda aka kankare saman ƙasar tsakar gida da ta ɗakuna, aka kwashe zuwa ramukan da aka tanada a bayan gari, aka zubo sabuwa mai tsabta. Wa ya nuna inda za a kankare? Wata na'urar hannu ce mai suna XRF. Ana kafa bakinta a ƙasa, ta harba hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, kowane sinadari ya mayar da nasa irin hasken, ta karanta cikin ƙasa da minti biyu. Ma'aunin da aka yi aiki da shi a lokacin shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a inda yara ke wasa. A wasu wuraren niƙa an samu sama da 100,000.

Bagega ta fi sauran ƙauyukan girma, ita ce kuma ta fi daɗewa tana jira. Sai a 2013 kuɗin gwamnati suka fito aka share ta, sannan aka fara yi wa yaranta magani. Bayan shekara biyu, a 2015, irin wannan masifa ta sake ɓulla a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja.

Tambayar da ta tsaya mana a rai ita ce: me ya sa sai da jinin 'ya'yanmu ya haye teku kafin a san abin da ke kashe su? Ba wai ba mu da masana ba ne. A Zariya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello na da ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004, wadda ake tantance sinadaran ƙasa da na duwatsu da ita. Giɓin yana wajen horar da ɗalibai masu yawa da hannunsu. Akwai masu digirin kemistiri da suka haddace zanen na'urar auna ƙarafa a cikin ruwa da jini tsaf, amma ba su taɓa kunna ta ba: ko babu ita, ko babu wuta, ko iskar da take aiki da ita ta ƙare. Wannan kuwa sana'a ce irin ta tela, ba a iya ta da kallo. Ɗalibi na bukatar ya ɗebo samfur da kansa, ya saita na'ura da ma'aunin da aka san ƙimarsa, ya maimaita awo sau uku, ya rubuta abin da ya gani ba abin da yake so ya gani ba.

Aikin kuma yana nan jingim. Ruwan rijiya da na leda, takin zamani, maganin da ake zargin jabu ne, waken da aka zuba wa maganin ƙwari, har da kwallin dutse da ake sa wa jarirai, wanda gwaji ya sha nuna dalma a cikinsa, duk suna jiran mai awo.

Saboda haka, ƙannenmu, in za ku zaɓi jami'a, ku tambayi ɗalibanta sau nawa suke shiga ɗakin gwaji, kuma su ke taɓa na'urorin ko kallo suke yi. Hukumomin jami'o'i kuma su sani cewa kuɗin gyaran na'ura da na wutar ɗakin gwaji ba almubazzaranci ba ne. Arewa cike take da ramukan ma'adinai, kuma a kusa da kowane rami akwai gari mai yara.