Koyon Likitanci a Gaban Mai Shaye-shaye

Duk wanda ya ratsa makarantar likitanci a Nijeriya ya haddace tsarin ɗaukar tarihin majinyaci: abin da ya kawo shi, yadda ciwon ya faro, cututtukan da ya yi a baya, na danginsa, sannan halin rayuwarsa. A wannan sashe na ƙarshe akwai jimla guda da na karanta sau ba adadi a shekarun da na yi ina duba rubutun ɗalibai da sababbin likitoci a nan Sakkwato: ba ya shan taba, ba ya shan giya. Sau da yawa jimlar gaskiya ce. Sai dai gaskiya ce mai rufe ƙofa, domin abin da matashin da ke kwance a gadon yake sha ba ya cikin waɗannan biyun.

Tambayar ta zo mana ne daga littattafan da aka rubuta a Ingila da Amurka, inda giya da taba suka fi komai ɓarna. A ƙasarmu kuwa jerin daban yake: tiramol, maganin tari mai kodin, wiwi, Rohypnol da Valium, Exol, sholisho. Ga kuma nauyin da kalmar giya take da shi a jihar da ta ƙaddamar da dokokin Shari'a tun 2000. Wanda ya tambayi saurayi a gaban mahaifinsa ko yana shan giya, a kunnen mai sauraro tuhuma ya yi. Amsa ɗaya ce za ta fito, daga nan kuma magana ta mutu.

Girman abin

A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon babban binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, UNODC, ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Binciken ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da wata ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 sun sha wiwi, miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafi dangin mofin ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 2.4 sun sha maganin tari don maye. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 12 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 3. Ɗaya daga cikin kowane biyar abin ya riga ya zame masa ciwo, ɗaya daga cikin kowane huɗu kuma mace ce.

Likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Lissafin a fili yake: mafi yawan waɗannan mutane ba za su taɓa zama a gaban ƙwararre ba. Wanda zai gan su shi ne likitan gama-gari a Gwadabawa ko Tambuwal ko Isa, ko sabon likitan da ke kwana a sashen gaggawa. Kuma babu wanda zai shigo yana cewa shaye-shaye ne ya kawo shi. Ɗaya zai zo da jijjiga, wani da karaya daga haɗarin babur, wata da rashin barci da ciwon kai na wata da watanni, wani da gyambon da ya ƙi warkewa. Idan likitan bai iya tambaya ba, zai yi maganin reshe ya bar saiwa.

Abin da ya kamata ya zauna a kan ɗalibi

Ilimin da ake bukata ba mai yawa ba ne, amma rashinsa yana kisa. Tiramol yana aiki ta hanya biyu: yana kama wuraren da mofin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, yana kuma ƙara sinadaran da wasu magungunan ciwon damuwa ke ƙarawa. Wannan hanya ta biyu na cikin dalilan da yake jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Iyakar da aka yarda da ita a yini miligiram 400 ce, ƙwayoyin da aka amince da su a ƙasar nan kuma na miligiram 50 da 100 ne. Amma wanda ake fasaƙwaurinsa, wanda ke ratsa iyakokin Sahel irin wadda ke tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, yakan kai 200 ko 225 a ƙwaya guda. Allurar nalokson tana iya dawo da numfashin wanda ya sha fiye da kima, amma ba ta tsayar da jijjigar. Kodin kuwa hanta ce ke mayar da wani sashensa mofin, kuma saurin wannan juyi ya bambanta daga mutum zuwa mutum, shi ya sa kwalbar da ta sa wani barci take iya tsayar da numfashin wani.

Akwai kuma ilimin dainawa. Wanda ya saba da dangin mofin ya daina farat ɗaya zai sha azaba: zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. Wanda ya daɗe a kan Valium ko Rohypnol ko giya, yankewa kwatsam tana iya jawo masa jijjiga ko ruɗewar da ke kaiwa ga mutuwa. Iyali sukan kulle ɗansu a ɗaki da kyakkyawar niyya, ba su san wannan bambanci ba. Wajibi ne likita ya san shi, ya kuma iya bayyana shi da Hausar da uwa za ta fahimta.

Mafi wuyar darasi yana wurin masu ciwon sikila da allurar pentazosin. Wasu daga cikinsu sun saba da ita tun daga gadon asibiti, har ta kai suna yi wa kansu, fata ta sandare, cinya ta cika da gyambo. A nan ramuka biyu ne a gaban sabon likita. Ko dai ya riƙa rubuta allurar ba tare da tunani ba don a rabu lafiya, ko kuma ya hana mai ciwo na gaske maganin zafi saboda an riga an laƙaba masa suna. Bi ta tsakanin ramukan nan ba a koyonsa daga allo, sai a bakin gado, tare da wanda ya riga ka.

Yadda ake tambaya

Na taɓa aiki a ƙarƙashin wani dattijon likita wanda ɗalibai ke rububin bin zagayensa. Wata rana aka kawo wani ɗan kabu-kabu da ya faɗi yana jijjiga. Bayan ya farfaɗo, dattijon ya dubi mahaifin yaron ya ce, "Baba, a ɗan ba mu wuri, zan duba shi." Da aka fita ya jawo kujera ya zauna, ya daidaita idonsa da na yaron.

"Ɗana, yaushe kake fita aiki?"

"Bayan Asuba, likita."

"Ka dawo yaushe?"

"Sai an yi Isha'i."

"A wannan zafin? Da yawa cikin abokan sana'arka suna shan wani abu don jiki ya ɗauka. Kai me kake sha?"

Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Tiramol nika sha, likita. Biyu da sahe, guda da La'asar."

Uku sau 225 ya ba da 675. An gano sanadin jijjigar cikin minti biyar, ba tare da hoton ƙwaƙwalwar da iyalin ba su da kuɗinsa ba. Abin da ɗalibai suka ɗauka a ranar shi ne tsarin tambayar: an fitar da uba cikin girmamawa, an faro daga wahalar sana'a, an nuna cewa ba shi kaɗai ba ne, sannan aka tambayi me yake sha, maimakon ko yana sha. Wannan salo yana da suna a littattafai. Masanin halayyar ɗan Adam William Miller ne ya fara bayyana shi a 1983, bayan ya lura cewa tsawa da wa'azi suna ƙara wa mai shaye-shaye taurin kai, sauraro kuwa yana sa shi ya furta dalilansa na dainawa da bakinsa. Amma dattijon nan da tarbiyyar gida ya haɗa shi, kuma a haka ya fi shiga.

Inda tsarin ya gaza

Karatun likitanci a Nijeriya shekara shida ne, kuma a cikinsu likitancin ƙwaƙwalwa 'yan makonni yake samu, shaye-shaye kuma wani yanki ne na waɗannan makonni. Shekarar sanin makamar aiki da ke biyo baya ta ginu a kan sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Sakamakon haka ɗalibi yakan fara ganin mai shaye-shaye ne a ɗakin masu taɓin hankali, a lokacin da abin ya kai maƙura. Sai ya fita da darasin da ba wanda ya yi niyyar koya masa: cewa shaye-shaye hauka ne, kuma aikin wani sashe ne.

Darasi na biyu ya fi wannan illa. Wanda ya warke ba ya dawowa asibiti, wanda ya koma ruwa shi ake sake gani. Idon ɗalibi yana ƙirga masu dawowa kaɗai, zuciyarsa ta yanke cewa wahalar banza ce. Wani nazari da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2000 ya nuna cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan koma, adadin da bai wuce na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke sake tashi ba. Ba mu taɓa korar mai hawan jini don jininsa ya sake hawa ba. Gyara masa magani muke yi, mu ba shi ranar dawowa.

Idan asibiti bai amsa ba, iyali ba sa zama haka nan. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, ba a jima ba kuma aka gano irinsa a Daura. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu. Haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar, da kamen da hukumar NDLEA ke yi tun kafa ta a 1989, duk suna rage kayan da ke kasuwa, amma jikin da ya riga ya saba yana nan yana nema. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi. Sai dai doka ba ta zama a bakin gado, likita ne ke zama.

Abin da Sakkwato za ta iya

Garuruwa kaɗan ne ke da abin da muke da shi a wuri guda: Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975 da kwalejinta ta kimiyyar lafiya, asibitin koyarwa, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Da waɗannan ana iya gina horon da sauran jami'o'i za su zo su kwaikwaya, ba tare da jiran sabon gini ba.

A fara da fitar da batun daga kusurwa guda. A tambayi ɗalibi game da shaye-shaye a zagayen tiyata, a ɗakin awon ciki, a asibitin sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da gajerar takardar tantancewa mai suna ASSIST da ake cikewa cikin 'yan mintuna, da jagorar mhGAP ta 2010 da aka rubuta musamman don ma'aikacin da ba ƙwararre ba. A koyar da su da Hausa, a sa su cikin jarrabawar aiki, domin ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. A ba kowane ɗalibi majinyaci ɗaya ya bi shi na tsawon watanni, ya ga faɗuwarsa da tashinsa. A gayyato waɗanda suka warke, idan sun yarda, su yi wa aji magana. A ba ɗalibai mata horo na musamman, domin matar aure da ke shan kodin a ɓoye ba za ta buɗe baki ga namiji a gaban mijinta ko uwar mijinta ba. Kuma a gaya wa ɗalibai ƙarara cewa su ma ba su tsira ba: mai riƙe da makullin akwatin allura, ga gajiya, ga rashin barci, yana kusa da ramin fiye da yadda yake zato.

Za a ce manhajar ta riga ta cika maƙil, kuma gaskiya ne. Amma mafi yawan abin da na lissafa ba ya bukatar ƙarin awa, sauya tambaya ce a cikin zagayen da dama ake yi. Za a kuma ce sassauci ga mai shaye-shaye raina haramci ne. Malamanmu sun san ruwayar Bukhari game da mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi sai aka hana, aka shaida cewa yana son Allah da ManzonSa. Hukunci bai soke mutunci ba a can, balle a ɗakin jinya. Thomas Adeoye Lambo ya fahimci irin wannan tun 1954, lokacin da ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, ya yi aiki da waɗanda jama'a suka riga suka amince da su. Limamin unguwa da uwar gida abokan aikin likita ne, kuma ya kamata ɗalibi ya koyi yadda ake zama da su.

Birnin nan ya daɗe da ɗaukar magani a matsayin ilimi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littattafai a kan cututtukan da ke damun mutanen zamaninsa, har da waɗanda ake jin kunyar ambata. Ciwon da ake jin kunyar ambata a zamaninmu yana cikin aljihun lebura da jakar amarya. Ɗaliban da ke shekarar ƙarshe a bana su ne za su riƙe asibitocin ƙananan hukumomi 23 na jihar nan shekaru talatin masu zuwa, kuma irin tambayar da suka ji malamansu suna yi, ita za su yi.