Ɗorawar da ba ta bar magajiya ba

Gonarmu ta gado tana ƙasar Bungudu, gab da Dutsen Kwatarkwashi, kuma manyan ɗorawa da kaɗanyar da ke cikinta kakanmu ma tarar da su ya yi. Da gonar ta dawo hannuna na shigo da garmar shanu. Don kada wani abu ya tare garma, kowace bazara sai in sa 'yan ƙwadago sassabe: duk ɗan tsiro, duk tohon da ya fito daga kututture, a sare, a tara, a cinna wuta. Kalwa kuwa ana kwashe ta tas don daddawa. Ina ta bugun ƙirji ban taɓa sare babban itace ba, har ina zagin masu gawayin da ake yi wa lodi a hanyar Tsafe zuwa Gusau.

Iskar farkon damina ta kayar da tsohuwar ɗorawar tsakiyar gona, cikinta duk kogo. Baffana ya dube ta ya ce, "To ɗana, wacce za ta gaje ta?"

Na ce akwai. Na bi gonar kunya kunya ina neman ƙaramar ɗorawa ko kaɗanya, ko da mai kai wa gwiwa ce. Na kai iyaka na dawo, babu. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe yawan itatuwan kawai nake ƙirgawa, ban taɓa duba shekarunsu ba. Duk sa'o'in juna ne, kamar garin da ya cika da dattawa ba a jin kukan jariri. Mai gawayi yana sare wanda ido ke gani, ni kuma da kuɗina na biya aka kashe waɗanda za su maye gurbi. Gonar maƙwabcina haka take, wataƙila taka ma.

Manoman Maradi sun riga mu ganewa. Tun 1983, tare da wani mai suna Tony Rinaudo, suka fara abin da suke kira sassabin zamani: a zaɓi toho masu ƙarfi a kututture a bar su, a rage sauran. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar ta haka.

Yanzu ni ke shiga gaban 'yan sassabe, ina ɗaura tsumma a duk tsiron da ba za a taɓa ba. Kalgo da sabara sun fi tohowa. Kaɗanyar da na bari, in ta tsira daga awaki da gobara, sai ta kai shekara 15 ko fiye kafin ta ba da kaɗe.