Shuwakar Bayan Gida

A wata unguwa cikin garin Potiskum akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya fara koyarwa tun garin yana cikin Jihar Borno, watau kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991. A bayan gidansa akwai ɗan fili wanda bai fi taku ashirin ba, da rijiya a tsakiya. Nan ne lambunsa, nan kuma ya ke wuni tun ran da ya ajiye alli.

Aikin lambun ya kan fara ne da ɗaukewar ruwan sama. Cikin watan Oktoba sai ya sa a kawo masa taki daga wajen kasuwar shanu, ya tara shi a gefe har ya ruɓe, domin ɗanyen taki ƙone shuka ya ke yi. Da iskar hunturu ta busa cikin Nuwamba sai ya yafa irin salak da lansir. Bayan kamar mako uku ya cire salak ɗin ya dasa a fangali, da la'asar, don kada rana ta kwantar da shi. Salak ɗan sanyi ne. Muddin hazo na nan ganyensa lallausa ne mai daɗi, amma da zafin Maris ya kunno kai sai ya miƙe ya fid da kara, farin ruwan jikinsa ya ƙaru, ya koma ɗaci.

A jikin katanga kuwa akwai shuwaka guda uku, waɗanda marigayiya uwargidansa ta dasa da hannunta. Ita shuwaka ba ta bukatar iri. Reshe a ke sara a kafa a ƙasa mai laima, ya kama. Tun rasuwarta ba wanda ya sake tsinkar ganyen, sai shi da ya ke ba su ruwa kowace safiya.

Ran nan babban ɗansa ya zo ya durƙusa, ya ce, "Baba, ga shawara. Wajen nan da an gina shago biyu, kuɗin haya ya riƙe gidan. Ganyen nan mai ɗaci ba mai cinsa." Dattijo bai musa ba, don ya san maganar tana kan hanya: tsadar abinci ta ishi kowa, kuɗin fansho kuwa ba ya kai ƙarshen wata. Sai ya ce a ba shi zuwa ƙarshen hunturu.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wannan kalma ta "ba mai cinsa". Ya san ba a nan kaɗai a ke noman ɗaci da gangan ba. A ƙasashen Turai akwai wani ganye, cikori, dangin salak da shuwaka, wanda shi ma lokacin sanyi ya ke so. Mutanen Italiya su kan dafa shi da man zaitun da tafarnuwa, a Faransa kuwa har saiwarsa a kan gasa a haɗa da kofi. Mu ma nan gida ga gasaya, ga ɗata, ga shuwakar da tun kaka da kakanni a ke yi wa mai jego miya da ita. Ashe ba ganyen ne ya lalace ba, hannun da ya iya sarrafa shi ne ya tafi.

Cikin Janairu matar ɗan nasa ta haihu. Kwana biyu da haihuwa dattijo ya tsinko ganyen ya cika ƙwarya, ya kira jikarsa 'yar shekara 12, ya ce, "Amarya, zo ki koyi aikin kishiyarki." Ya nuna mata yadda ya sha ganin ana yi: a murje ganyen da hannu cikin ruwa har ya yi kumfa, a tsiyaye, a sake, sau uku ko huɗu. Yarinya ta ce, "Kaka, in ƙara wankewa?" Ya ɗanɗana, ya ce, "A'a, bari haka. In kin wanke ɗacin duka, me ya rage a miyar?" Aka daka gyaɗa, aka sa daddawa da albasa da tattasai da ɗan nama, aka zuba ganyen daga ƙarshe, aka tuƙa tuwon dawa.

Mai jego ta ci, ta aiko a ƙara mata. Ɗan ma ya ci, ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Baba, ɗanɗanon miyar Inna ke nan."

Ba a fasa gina shago ba, domin ciki ba ya jin rarrashi. Amma ɗaya aka gina maimakon biyu, aka bar rijiyar da fangali huɗu da shuwaka biyu. Ta ukun da gini ya ci, dattijo ya sassare rassanta ya raba wa maƙwabta, ya bar ɗaya ya ba jikarsa. Ita ta haƙa ramin, ita ta kafa shi, ita kuma ke ba shi ruwa kafin ta tafi makaranta.