Darasin da Janaretar Motar Gida Ta Koya Mini

A wani hutun bazara muka yi hayar motar gida a Amurka, irin wadda ke ɗauke da gadaje da kicin da banɗaki, ni da maiɗakina da yaranmu uku, muka nufi jihar Arizona. Da ma'aikacin kamfanin ke yi mini bayanin janaretar da ke ƙarƙashin motar, kai kawai nake gyaɗawa. A raina na ce wanda ya tashi cikin ƙarar janareta a Kano ba ya buƙatar karatu a kanta.

Rana ta uku muka yada zango a daji kusa da garin Flagstaff. Na kunna janareta, nan take na kunna na'urar sanyaya ɗaki. Uwargida ta saka sauran shinkafar jiya a injin ɗumama abinci, ashe kuma babbar 'yarmu ta kunna hitar ruwan wanka. Sai muryar injin ta yi ƙasa, fitilu suka dusashe, komai ya ɗauke ɗif.

"Baban yara, lafiya kuwa?" in ji uwargida.

Na fita da tocila, na tarar makunnin kariya ya faɗi. A daren na zauna da biro da takardar bayanin motar. Ƙarfin janaretar wat 4,000 ne. Na'urar sanyi tana cin kusan 1,500, amma a daidai lokacin tashinta takan fizgi ninki biyu ko uku na hakan. Injin ɗumama abinci kusan 1,500, hitar ruwa kusan 1,400. Ga kuma cajar batiran motar, wadda ba ta da ƙara balle a tuna da ita. Lissafi ya riga ya zarce tun kafin a je ga fitilu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tudu. Flagstaff na kan tsayin kusan ƙafa 7,000. Iska ba ta da kauri a can, inji kuma kan rasa kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000 da aka hau. Wato abin da ke hannuna a zahiri bai wuce wat 3,000 da ɗoriya ba.

Washegari muka kafa doka: manyan kaya bi da bi. Mai son ɗumama abinci ya fara kashe na'urar sanyi. Firji da hita muka mayar da su kan gas. In na tayar da janareta sai in bar ta minti biyu ta daidaita, sannan in fara da abin da ya fi cin wuta. In zan kashe ta, sai na sauke mata kaya tukuna. Ba ma kwanciya barci tana aiki, domin hayaƙinta na ɗauke da gubar da ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa. Har muka mayar da motar, wuta ba ta sake ɗaukewa ba.

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Ɗan'uwa, duk ranar da ka karɓi makullin irin wannan mota, ka karanta lambar da ke jikin kowane kayan wuta, ka tara su a takarda, ka bar wa injin sarari kafin hannunka ya kai kan makunni.