Abin Da Na Ɓoye A Ƙarƙashin Hula

Shekara 15 na yi ina zama a bencin baya ranar Lahadi. Mutane suna tsammani tawali'u ne, alhali kuwa kunya ce. Namiji yakan tuɓe hula in ya shiga majami'a, ni kuwa ba na so na bayana ya ga ƙeyata.

Abin ya soma ne ina saurayi a Kebbe. Kowane mako nakan je wurin wanzami ya yi mini ƙwal-kwabo. Sai ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi suka fito mini a ƙeya. Na yi ta susa, suka yi jini, suka taurare, suka haɗu suka zama ƙullutu. Gashi bai ƙara tsirowa a wurin ba. Waɗansu suka ce sammu ne. Har man birki na shafa, fata ta ƙone a banza.

Da na koma koyarwa a Tambuwal, sai maiɗakina ta matsa mini, na tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likitan fata ya ce ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani. Kumburi ne a saiwar gashi. Ya fi kama maza baƙar fata masu murɗaɗɗen gashi, tun suna samari. Askin da ke taɓa fata, da gugar wuyan riga, da susa, su ke tsananta shi. Ashe tun 1869 wani likita a Biyana, Moritz Kaposi, ya rubuta labarinsa.

Aka ba ni man shafawa da ƙwayoyi, aka yi mini allurai cikin ƙullutun. Ya kwanta, ƙaiƙayi ya tafi, amma tabo yana nan. Da na zo da wuri, da bai kai haka ba.

Bara na lura da wani yaro a ajina yana ta jan wuyan rigarsa sama. Na kira shi gefe, na tuɓe hulata na nuna masa. Washegari ubansa ya kai shi asibiti.

Ya ku iyaye, ku riƙa duba ƙeyar samarinku. In kun ga ƙuraje, a daina aske wurin da aska, a rage gashi da almakashi, a nemi likita. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Yanzu a bencin gaba nake zama.